Tafkunan Cancano a kan keke: zagayen ruwa, Decauville, Alpisella ko Val Mora?

A can arewacin Italiya, inda lardin Sondrio ya jingina da iyakar Suwizalan, akwai wani kwari mai suna Fraele da ke zaune kusan mita 1,900 sama da teku, cikin gandun Stelvio da gwamnati ta keɓe tun 1935. Tafkuna biyu ne kwance a cikinsa, ɗaya na bin ɗaya: Cancano daga ƙasa, San Giacomo daga sama. Duka biyun ruwa aka tare. Kamfanin lantarki na birnin Milan, wanda a da ake kira AEM, yau kuma A2A, shi ya gina madatsar San Giacomo tsakanin 1940 da 1950, ya kammala babbar madatsar Cancano a 1956. Hanyoyin da aka fasa domin kai kayan gini da ma'aikata, haɗe da waɗanda sojoji da makiyaya da fatake suka bari, su ne yau masu keke ke rububi. Kwalta na ƙarewa jim kaɗan bayan an shiga kwarin, daga nan sai farar tsakuwa.

Wanda ya buɗe taswirar wurin zai ga layuka birjik, kowane an ce na keke ne, kowane an ce babu mota. Maganar ba haka take ba. Wata hanyar babu motar da gaske, amma akwai inda za ka sauka ka tura. Wata kuwa shimfiɗaɗɗiya ce har ƙaramin yaro ya bi, amma a watan Agusta ƙurar motoci za ka yi ta sha. Huɗu ne suka cancanci mai keken tsakuwa, wato keke mai siraran tayoyi da aka yi domin hanyar burji, ya tsaya ya auna su: zagayen tafkunan su kansu, tsohuwar hanyar dogo da ake kira Decauville, mashigin Alpisella da ke kai mutum garin Livigno, da kwarin Val Mora da ke shiga Suwizalan.

Sai dai kafin a zo nan, akwai maganar yadda za a hau, domin ita ce ke cinye ƙarfin mutane da yawa tun ba su ga ruwan ba. Jirgin ƙasa daga Milan a Tirano yake tsayawa, daga nan bas zuwa Bormio, garin da ke mita 1,225. Daga gefen Bormio hanyar kwalta ce ke hawa zuwa bakin kwarin: kilomita 8.7, matsakaicin tudunta kashi 6.8 cikin ɗari, da kwana 21 da aka jera a jikin dutse. A kanta aka ƙare wani zango na gasar Giro d'Italia ranar 22 ga Oktoba 2020, inda Jai Hindley ɗan Ostireliya ya riga Tao Geoghegan Hart tsallake layi. Hawa ne mai daɗi ga wanda ya saba, ba shi da mugun tsauri, amma kwalta ce, kuma motoci da manyan babura na bi. A samansa akwai gajerun ramuka biyu da aka huda cikin dutse, masu duhu, sannan hasumiyoyin Fraele guda biyu da aka gina a 1391 domin gadin hanyar fatake, masu kai barasar inabi arewa su dawo da gishiri. A wancan zamani matakala ce ta katako ake bi a jikin dutsen, in abokan gaba sun doso sai a janye ta. Duk wanda zai bi ta nan ya maƙala ƙaramar fitila a bayan keke saboda ramukan.

Mai neman tsakuwa zalla ba dole ne ya bi wannan ƙofa ba. Akwai ta Arnoga, inda Decauville ke tashi, akwai ta Livigno, kuma zaɓen ƙofa shi ne rabin zaɓen hanya.

Zagayen tafkunan shi ne abin da kowa ke fara ji. Bai kai kilomita 20 sosai ba, kusan duka a shimfiɗe, in ban da ɗan hawan da ke tsakanin tafkin ƙasa da na sama, tunda San Giacomo ya ɗara Cancano tsayi da kimanin mita hamsin. Ana iya tsallakawa ta kan madatsar da ta raba su, wadda tsawonta ya kusa kilomita guda, saboda haka wanda ya gaji zai iya yanke tafiyar biyu ya zagaya tafki ɗaya kawai. Ruwan shuɗi ne mai sirkin kore, duwatsun da ke kewaye farare ne fat, masu zubo tsakuwa har bakin hanya. Akwai gidajen abinci nan da can, akwai wuraren zama. In da iyali aka zo, ko da baƙon da bai taɓa hawan keke a tsauni ba, babu abin da ya kai wannan sauƙi.

Amma a nan ne maganar babu mota ta fi rauni. A lokacin zafi ana barin masu mota su shigo kwarin in sun sayi tikiti, kuma akwai ɓangarorin gaɓar da suke bi har zuwa wuraren ajiye mota da gidajen abinci. Ba gudu suke yi ba, ba kuma haɗari ne babba ba. Ƙura ce matsalar. In an kwana biyu ba a yi ruwa ba, mota ɗaya ta wuce ka sai ka ji kamar kana bin bayan tifa a hanyar burji da rani: farin gari a kan gira, a bakin gorar ruwa, a cikin sarƙar keke har ta fara ƙara. Tayoyin motocin kuma suna barin gargada a wasu wurare, irin ƙananan kunyoyin nan da ke sa hannu ya yi ta karkarwa. Da sassafe, ko a ranar aiki cikin Satumba, wurin naka ne kai kaɗai da kukan ƙararrawar shanu. Ranar Lahadi a tsakiyar Agusta kuwa kasuwa ce: masu yawo da ƙafa, masu tura jarirai, karnuka, da ayarin kekuna masu batir da aka ɗauko haya a Bormio.

Decauville ita ce akasin haka, kuma ni a wurina ita ce amsar da ta fi dacewa da yawancin masu tambaya. Shimfiɗa ce da aka yi wa ƙaramin jirgin ɗaukar kaya lokacin aikin ruwa da lantarki, sunan kuma na Paul Decauville ne, Bafaranshen da ya shahara da ƙera irin waɗannan siraran layukan dogo. An kwashe ƙarafan, shimfiɗar ta rage. Tana tashi daga Arnoga, a kan hanyar Bormio zuwa Livigno, ta bi ƙugun dutse kilomita goma da 'yan kai, ta fito a hanyar Fraele 'yan kwanoni kaɗan ƙasa da hasumiyoyin. Da yake ƙaramin jirgi ba ya iya tudu, sai aka yi ta kusan a miƙe: kana tafe a wajen mita 1,900 amma ƙafarka ba ta san tana tsauni ba. Ƙauyukan Semogo da Isolaccia da Pedenosso suna can ƙasa a damanka, gaba da su kuma dutsen Cima Piazzi mai mita 3,439 da ƙanƙararsa da ba ta narkewa, wanda duk mai sayen ruwan gora na Levissima a Italiya ya san hotonsa ko da bai san sunansa ba.

Abu biyu ne suka ɗaga ta a kan zagayen tafki. Na farko, shiru: ba hanyar masu yawon buɗe ido da mota ba ce, abin da za ka haɗu da shi bai wuce motar mai gona ko ma'aikaci jefi-jefi ba. Na biyu, gefen dutsen da take kai kudu yake kallo, rana na dukansa tun safe, saboda haka tana bushewa da wuri a farkon bazararsu lokacin da mashigai na sama ke cike da dusar ƙanƙara. Abin da ta rasa shi ne ruwa. Ba ka ganin tafki ko ɗaya a kanta, kuma wanda ya zo domin hoton shuɗin ruwa zai ce an cuce shi in a nan aka tsaya. Shi ya sa ake haɗa su: a tashi daga Arnoga, a bi Decauville, a hau 'yan kwanonin ƙarshe na kwalta, a wuce hasumiyoyi da ɗan tafkin Scale, wanda shi na asali ne ba tararre ba, a zagaya manyan tafkunan, a komo ta inda aka zo. Jimla tsakanin kilomita 40 da 50, hawa kaɗan, kuma an tsallake kusan duk kwaltar da ta fi motoci. Matsalarta ɗaya ita ce isa Arnoga ɗin. Hanyar da ke kaiwa can ita ce ta mashigin Foscagno, wadda masu zuwa Livigno sayen mai da kaya marasa haraji ke cikawa. Ba na ba kowa shawarar ya hau ta da keke domin kawai ya kai bakin Decauville. A je da mota a ajiye, ko a bi bas.

Wanda wannan ya yi masa kaɗan, Alpisella ce ta gaba. Daga can ƙarshen tafkin San Giacomo wata tsohuwar hanyar soja ke ɗagawa yamma, ta ratsa daji, ta fita fili, ta kai mashigi a wajen mita 2,290, sannan ta gangara bakin tafkin Livigno. A nan kam babu mota, magana ta gaskiya. A kan hanyar ne kogin Adda ke ɓuɓɓugowa, 'yan idanun ruwa ne a gefen hanya da za ka iya tsallakewa da taku ɗaya, alhali shi ne kogin da ke tafiyar sama da kilomita 300, ya ratsa tafkin Como, ya faɗa kogin Po, ya ƙare a tekun Adriyatik. Ka haura mashigin da 'yan mintuna kuwa, ruwan da ke bin gefen tayarka ya juya wa Italiya baya: kogin Spöl zai shiga, daga nan kogin Inn, daga nan Danube, har Bahar Aswad.

Ta wane gefe za a hau, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Daga Cancano hawan bai kai mita 400 ba tunda ka riga ka yi sama, kuma yana zuwa da sauƙi-sauƙi. Daga Livigno, garin da ke mita 1,816, ya fi tsawo ya fi tsauri, akwai inda tayar baya ke sulɓewa in ka miƙe tsaye a kan feda. Mai keken tsakuwa da giyarsa ba ta da taushi sosai zai tura a wasu wurare. To amma gefen da ya fi wuyar hawa shi ne kuma ya fi wuyar sauka. Wanda ya taso daga Cancano zai gangara wannan tudun ne da siraran tayoyi, hannu a birki har yatsu su sage. A lura da magudanan da ake shimfiɗawa a gicciye domin ruwan sama kada ya cinye hanya, wasu na katako, wasu na ƙarfe. In ka zo musu a karkace, musamman in sun jiƙe, tayar gaba za ta zame kafin ka ankara. A saki birki, a miƙe kan keke, a tsallake su kai tsaye.

Alpisella tana da wani amfani da sauran ba su da shi: gari ne a ƙarshenta. Livigno na da shagunan gyaran keke, da masauki, da hanyar keke da ke bin kogi tsawon garin. Wanda ya sauka a can ma, ita ce ƙofarsa ta shiga Cancano ba tare da ya taɓa kwaltar motoci ba. Abin da ya rage shi ne dawowa. Ko dai a sake hawa ta inda aka sauko, ko a rufe da'ira ta mashigin Trela mai kusan mita 2,300, wanda ke haɗa yankin Trepalle da kwazazzabon Val Pettini. Taswira na nuna da'irar a matsayin abu mai kyau, kuma ga mai keken dutse mai faɗin taya haka ne. Ga keken tsakuwa, Trela siririyar turba ce a sama, Val Pettini kuma tudu ne mai tsauri da manyan duwatsu. Ana yi, amma rabin daɗin ya tafi wajen riƙe keke. Haka ma turbar Val del Gallo da ke bin saman ruwa zuwa arewa: a bar wa masu ita.

Sai Val Mora, wadda duk wanda ya bi ta ba ya daina zancenta, kuma ita ce ta fi buƙatar a faɗi gaskiya a kanta.

Farkonta yaudara ce. Daga ƙarshen San Giacomo hanya ce mai faɗi, a shimfiɗe, tana ratsa fili mai farar tsakuwa da gajerun itatuwan tsauni, har zuwa iyaka a mita 1,934. Babu shinge, babu jami'i, alama ce kawai. Da ka shiga Suwizalan sai hanyar ta tsuke ta koma turba, ta maƙale a jikin gangaren da tsakuwa ke zubowa daga sama, rafi na gudu a ƙasa. Faɗinta a wasu wurare bai wuce kamu biyu ba. Ƙasan ba laka ba ce, ba dutse mai ƙarfi ba ne, tsakuwa ce sakakkiya da ke motsi ƙarƙashin taya, kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi takan zaizaye har sai an gyara. Ba ta da tsawo, 'yan kilomitoci ne, ba kuma rami ne mai zurfin da zai sa jiri ba. Amma wanda hannunsa bai zauna a kan keke ba, ko yake ɗauke da jakunkuna a gefe, ya sauka ya tura, babu abin kunya. In kun yi kiciɓis da wani daga gaba, wanda ke gefen dutse shi ya tsaya ya jingina.

Ladan yana bayan wannan. Kwarin sai ya buɗe, turba ta koma hanyar makiyaya mai laushi, ta yi ta hawa a hankali sama da kilomita goma cikin ciyawa, ta wuce rugar Alp Mora, har zuwa mashigin Döss Radond a mita 2,234. Babu ƙauye ko ɗaya a cikinsa, babu mai zama duk shekara, babu turakun lantarki da ke tare ido. Abin da za ka ji shi ne ruwa, da ƙararrawar shanu, da fiton wasu dabbobi masu kama da ƙaton kurege da ke tsayawa a bakin raminsu suna gargaɗin 'yan uwansu. Akwai shingayen waya masu lantarki da makiyaya ke ja, da ƙofofi a kan hanya. Wanda ya buɗe ya rufe. Saniya mai ɗan maraƙi kuma a ba ta wuri, a sauka a zagaye ta daga nesa. Kwarin yana wajen gandun ƙasa na Suwizalan, wanda aka kafa a 1914 kuma aka hana keke a cikinsa sam, saboda haka kada alamar wata turba ta ja mutum ya shiga can.

A Döss Radond ne ake yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan mutane ke kuskure. Gaba gangara ce mai daɗi ta kusan mita 860 zuwa Santa Maria, ƙauyen da ke mita 1,375 a kwarin Müstair, inda ake jin harshen Romansh, kusa da tsohon gidan ibadar nan na ƙarni na takwas da UNESCO ta sa a jerinta a 1983. Sauka ba wuya. Dawowa Italiya ne aiki. Hanyar da ta rage ita ce mashigin Umbrail, mita 2,501, mafi tsayi cikin mashigan Suwizalan masu kwalta: kilomita 13 na hawa, sama da mita 1,100, sannan gangara zuwa Bormio ta hanyar Stelvio, cikin ramuka da ayarin babura da motocin masu yawon shaƙatawa. Ga mai ƙarfi wannan da'ira ce ta alfahari, yini guda cur. Amma wanda ya fito domin gudun mota, to ya sani rabin yinin a cikinsu zai yi shi, kuma a lokacin da ya fi gajiya. Shawarata ita ce a juya daga Döss Radond, ko ma daga Alp Mora. Kwarin da ka hau a hankali za ka sauko shi kusan ba feda, kuma duwatsun da ka ba baya ɗazu yanzu suna gabanka.

Akwai maganar takarda, wadda ta shafi 'yan uwa mazauna Brescia ko Bergamo ko Milan fiye da yadda ta shafi Bature. Suwizalan tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, tun 2008, amma ba ta cikin Tarayyar Turai. Rashin jami'i a iyakar daji bai mayar da ita ba iyaka ba. A tafi da fasfo da takardar zama, kuma wanda irin takardarsa ba ta ba shi izinin fita Italiya ba ya tsaya a Alpisella da Decauville, waɗanda duka a cikin Italiya suke. Layin waya na Italiya ma yakan kama na Suwizalan da kansa, kuɗin kuma daban ne, gara a kashe intanet kafin a tsallaka. A cikin kwarin akwai inda babu sabis ko kaɗan, saboda haka a sauke taswira a waya tun daga masauki. Lambar gaggawa 112 ce a ƙasashen biyu.

Batun keke bai da tsawo. Zagayen tafki da Decauville kowane keke mai taya milimita 35 zai yi. Alpisella da Val Mora suna son 40 zuwa 45, a rage iska kaɗan domin tayar ta kama ƙasa, da giya mai taushin da zagaye ɗaya na feda ba ya juya taya fiye da zagaye ɗaya. Tsakuwar wurin mai kaifi ce, tana yanka gefen taya, don haka kayan faci da famfo ba abin mantawa ba ne. Keke mai batir yana share wahalar hawa, kuma ana samun haya a Bormio da Livigno, amma a turbar Val Mora nauyinsa kaya ne: abin da ya haura kilo ashirin ba ya turuwa da daɗi a kan tsakuwa mai zamewa.

Abin da ya fi keke kama baƙo shi ne iska. A mita 2,000, abin da huhu ke samu a kowane numfashi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka kwatanta da bakin teku. Mutum zai ga hanya a shimfiɗe amma ya ji yana haki, ya ɗauka rashin lafiya ce. Wannan kaɗai ya isa dalilin farawa da Decauville da tafkuna a rana ta farko, a bar Alpisella ko Val Mora sai jiki ya saba. Sanyi kuma na ƙaruwa da kimanin digiri shida a kowane mita dubu, ga hadarin la'asar da ke haɗuwa cikin ɗan lokaci a watannin zafi, wani lokaci har da ƙanƙara. A kan tafki in hadari ya taso akwai inda za a fake. A Döss Radond ko saman Alpisella babu, fili ne fetal, kai ne abu mafi tsayi a wurin. A fita da wuri, a tabbata an bar mashigi kafin azahar ta yi nisa, rigar ruwa da safar hannu na cikin jaka ko da gari ya waye garau.

Abinci ma yana cikin lissafi, tunda a nan hanyoyin sun bambanta ƙwarai. Gaɓar tafkuna da Livigno ba a rasa abin ci. Val Mora kuwa a ɗauke ta a matsayin wurin da guzurinka ne kawai abin dogaro. Mai kiyaye abin da yake ci zai sami sauƙi da pizzoccheri, taliyar yankin mai faɗi da ake dafawa da kabeji da dankali da cuku da man shanu, babu nama a cikinta, kuma tana riƙe ciki har dare. Sciatt, wato ƙwallayen cuku da ake soyawa, a yi tambaya kafin a ci, domin bisa al'ada ana zuba 'yar barasa a ƙullun. Bresaola busasshen naman shanu ne ba alade ba, sai dai yankan ba namu ba ne.

Wata kuma yana iya sauya duk wannan lissafi. A watan Yuni Decauville ta bushe, furanni sun fito, amma mashigan sama na iya kasancewa da ragowar dusar ƙanƙara, tafkunan kuma ba su cika ba, tunda an ja ruwansu an yi lantarki da shi duk lokacin sanyi. Za ka tarar da faffaɗar gaɓa mai launin toka maimakon shuɗin da ke cikin hotuna, kodayake in ruwan ya ja sosai akan hango ragowar tsohuwar madatsar 1928 da sabuwar ta haɗiye. Yuli da Agusta komai a buɗe yake, ruwa na cika, mutane ma haka, musamman makon hutun 15 ga Agusta da kusan duk Italiya ke barin gari. A wannan mako zagayen tafki ne ya fi shan wahala, Val Mora ce ta fi tsira. Akwai kuma ranakun da hukumomin yankin ke rufe manyan hanyoyin tsauni ga motoci su bar wa masu keke, har da ta Cancano, a shirin da suke kira Enjoy Stelvio. Ranakun na sauyawa kowace shekara, kuma wanda tafiyarsa ta dace da ɗaya daga ciki zai iya hawan kwanonin Fraele ɗin nan 21 ba tare da injin kowa a bayansa ba. Daga tsakiyar Satumba yara sun koma makaranta, ana saukar da shanu, hadarin la'asar ya ragu, tafkuna sun cika maƙil. Safiya na da sanyi har raɓa ta daskare a kan ciyawa, wasu gidajen abincin kuma sun fara rufewa, don haka ko zagayen tafki za a yi a tafi da guzuri.